Chick Webb: makaɗin da ƙafafun masu rawa suka naɗa sarki

Daren 11 ga Mayu 1937, titin Lenox da ke unguwar Harlem a birnin Niyok ya cika ya batse, har sai da aka kira 'yan sanda su tare jama'a. Mutum kimanin dubu huɗu suka sami shiga zauren rawa na Savoy, wasu wajen dubu biyar kuma suka tsaya a waje ba su sami wuri ba. Karawa ce aka shirya tsakanin ƙungiyoyin makaɗa biyu. A dandamali ɗaya akwai ƙungiyar Benny Goodman, farar fata, wanda jaridu da gidajen rediyo suka riga suka naɗa sarkin kiɗan suwin, wani salon kiɗan jaz na rawa. Mai buga masa ganga shi ne Gene Krupa, wanda ya fi kowane makaɗi suna a Amurka a lokacin. A ɗaya dandamalin kuma akwai masu gida, ƙungiyar wani baƙar fata mai ƙusumbi, wanda tsayinsa bai kai ƙafa biyar ba, yana zaune can sama a bayan gangunan da suka kusa rufe shi. Kafin a watse, 'yan kallo sun yanke hukunci cewa mai ƙusumbin nan ya yi kaye, Krupa da kansa kuma ya amsa cewa an fi shi.

Sunan mutumin William Henry Webb, amma kowa Chick yake ce masa. A yau wanda ya ɗan san tarihin kiɗan jaz zai ambaci Goodman, zai ambaci Krupa, zai ambaci mawaƙiya Ella Fitzgerald wadda ta tashi a hannun Webb. Shi Webb ɗin kuwa sai an tono. Yadda aka yi wanda ya ci gasar ya zama shi ne aka fi mantawa da shi, wannan ne abin da ya daɗe yana damuna, kuma ba a gane shi sai an fara daga gangar kanta.

Ganga a Amurka tana da tarihin da ya haɗa da tsoro. Bayan boren bayi na Stono a 1739, hukumar Carolina ta Kudu ta kafa doka a 1740 wadda ta hana bayi mallakar ganguna, saboda masu gonaki sun gane cewa mutanen da aka kwaso daga Afirka suna iya aika saƙo da kiɗa. Aka raba su da fata da itace, sai kiɗan ya koma tafi, da buga ƙafa, da waƙar coci. A New Orleans ne aka ɗan sassauta, inda bayi ke taruwa ranar Lahadi a dandalin Kwango su yi kiɗa da rawa. Da aka daina bauta, jikokinsu suka ɗauki gangunan badujala na soja suka zuba musu nasu salon. A badujala kowa da abin da yake bugawa: wani babbar ganga, wani ƙarama, wani faifan tagulla. Amma gidan rawa ba shi da fili ko kuɗin ɗaukar mutum uku, sai aka nemi dabarar da mutum ɗaya zai yi aikin duka. A 1909 William Ludwig ya fito da matakin da ake buga babbar ganga da ƙafa, wanda ya karɓu a wurin makaɗa. A shekarun 1920 aka ƙara faifan tagulla guda biyu da ake haɗa bakinsu da ƙafar hagu. Ta haka aka sami makaɗi mai aiki da gaɓoɓi huɗu a lokaci guda, ƙafar dama na riƙe da bugun, ta hagu na datsa shi, hannaye biyu na yawo tsakanin ƙaramar ganga mai waya a ƙarƙashi da faya-fayen tagulla.

To, wannan kayan kiɗa da ke neman lafiyar baya da dogayen ƙafafu shi ne yaron da ciwo ya lanƙwasa wa ƙashin baya ya zaɓa.

An haifi Webb a Baltimore ta jihar Maryland a farkon ƙarni na 20, a gidan talakawa. Tun yana ƙarami tarin fuka ya kama masa ƙashin baya. Mu mun fi sanin tarin fuka a huhu, amma ƙwayar cutar takan sauka a gaɓoɓin gadon baya ta cinye su, su rufta kan juna, mutum ya tashi da doro kuma girmansa ya tsaya. Maganin da ke kashe ƙwayar bai samu ba sai a tsakiyar shekarun 1940, bayan Webb ya riga ya bar duniya, don haka da ciwon ya rayu tun daga yarinta har kabari. Ya sayar da jarida a titi ya tara kuɗin sayen gangunansa na farko, ya fara kiɗan neman abinci tun bai balaga ba, har da cikin jiragen ruwan shaƙatawa da ke yawo a gaɓar Chesapeake. A nan ya haɗu da John Trueheart, mai kaɗa jita, wanda ya zama amininsa na tsawon rai. A tsakiyar shekarun 1920 suka nufi Niyok.

Harlem a lokacin ita ce matattarar baƙaƙen fata da ke gudowa daga jihohin Kudu, suna tserewa wariya da kisan gilla da aikin gonar auduga. Duke Ellington, shahararren shugaban ƙungiyar makaɗa, na daga cikin waɗanda suka fara lura da yaron, shi ne ma ya taimaka masa ya sami wurin kiɗa a 1926, inda Webb ya fara jagorantar 'yar ƙaramar ƙungiya. Shekarun da suka biyo baya na wahala ne. Webb yana da kunnen gane gwani, sai dai ba shi da aljihun riƙe shi. Johnny Hodges, mai busa saksafon, ya yi aiki da shi kafin ya koma wurin Ellington a 1928 ya zama tauraro. Haka aka yi ta yi masa: ya gano, ya raina, mai kuɗi ya zo ya ɗauke. Ga kuma karayar tattalin arziki da ta afka wa Amurka daga 1929. Sai a 1931 ƙafarsa ta tsaya, da ƙungiyarsa ta zama ta gida a Savoy.

A nan ya kamata a dakata, don Savoy ita ce rabin labarin Webb. An buɗe zauren a Maris 1926, a hawa na biyu na wani gini da ya mamaye tsakanin titi na 140 da na 141. Mai shi farar fata ne, Moe Gale, manajansa kuma baƙar fata, Charles Buchanan. Abin da ya bambanta shi da shahararren kulob ɗin Cotton, wanda shi ma a Harlem yake, shi ne ƙofa. A Cotton baƙar fata ke kiɗa da rawa, farar fata ke zama su kalla. A Savoy kuwa kowa ya biya kuɗin ƙofa zai shiga, baƙi da fari su yi rawa a daɓe ɗaya, a zamanin da hakan ke iya jawo wa mutum duka ko ɗauri a wasu jihohin. Akwai dandamali biyu a jere, don kada kiɗa ya yanke: wannan ƙungiya na ajiyewa, waccan na ɗauka. A wannan daɓen aka haifi rawar lindi, rawar mace da namiji mai sauri, da juyi, da saki a sake kamawa.

Masu rawar Savoy ba 'yan kallo ba ne masu haƙuri. Yawancinsu ma'aikata ne, masu wanke-wanke, masu dako, 'yan aikin gida, waɗanda suka yini suna yi wa wani bauta suka zo da 'yan kuɗinsu su huce. Idan kiɗa bai motsa su ba, sai su tsaya cak, kuma babu abin da makaɗi ke tsoro kamar daɓen da ya tsaya. Webb ya shafe shekaru yana kallon ƙafafun nan dare bayan dare daga kan dandamalinsa. Frankie Manning, ɗaya daga cikin manyan gwanayen lindi, ya sha ba da labarin wata gasa a 1935 da ya fara cilla abokiyar rawarsa ta bisa bayansa, salon da daga baya ya zama tambarin rawar, kuma ƙungiyar Webb ce ke kiɗa a daren. A faɗarsa, Webb yana bin motsinsa yana amsa masa da bugu. Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ga yadda makaɗi ke karanta jikin ɗan wasa zai gane abin da ake nufi. Mai rawa na ba makaɗi, makaɗi na mayar masa.

Shi kansa suwin ɗin, mene ne? Kalmar ba ta da fassara kai tsaye, amma jiki ya san abin. Ana ƙirga bugu huɗu-huɗu, kowane da nauyinsa daidai, sai dai tsakanin bugu da bugu ba a raba lokaci biyu cif. Ana ja na farko a gajarta na biyu, sai kiɗan ya riƙa tafiya da wani ɗan rangaji kamar sassarfar doki. A kan wannan shimfiɗa ake ɗora masu busa, su wajen goma, kashi biyu: masu ƙahonin tagulla a gefe, masu saksafon a gefe, wannan ya bayar wancan ya amsa, kamar mawaƙi da 'yan amshinsa. Kowane mai busa yana da takarda a gabansa da aka rubuta masa abin da zai busa. Makaɗi shi ke riƙe da ragamar duka. In ya yi sauri kaɗan, masu rawa su sarƙe. In ya yi nawa, zauren ya mutu.

Webb bai iya karanta rubutun kiɗa ba. Abin da yake yi shi ne ya saurara a wurin gwaji ya haddace, ya san inda kowane ƙaho zai shigo da inda zai fita. Wannan haddar ita ce ƙarfinsa, domin idonsa ba ya kan takarda, yana kan mutane. Gudummawarsa mafi girma a wurin masana ita ce yadda yake share wa masu busa hanya: kafin ƙahoni su faɗo gaba ɗaya, sai ya saki wani ɗan gajeren ruwan bugu da ke ɗaga su, su sauka daidai inda ya ajiye musu. Kafin shi ana ganin makaɗi a matsayin agogo ne kawai, a zauna a baya a riƙe lokaci. Webb ya mai da kujerar makaɗi wurin da ake tuƙa ƙungiya. An ƙera masa matakai na musamman saboda ƙafafunsa su kai, da maƙalan faya-fayen tagulla masu lanƙwasa da ke matso da su kusa da hannunsa, ga babbar gangarsa mai faɗin inci 28. Yana da kuge irin na wuyan saniya da ƙananan akwatunan itace da yake sakawa tsakanin bugu don canza launin sauti. Waɗanda suka gan shi sun yi ta mamakin yadda irin wannan ƙarfi ke fitowa daga irin wannan jiki. Buddy Rich, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin makaɗin da ya fi kowa saurin hannu a tarihin jaz, ya ɗauke shi uba a sana'ar. Art Blakey da Louie Bellson su ma sun ambace shi cikin waɗanda suka koya daga gare su.

Ƙungiyarsa kuma ba ta wasa ba ce. Akwai Taft Jordan a ƙaho, Sandy Williams a kan ƙaho mai zugewa, Wayman Carver wanda ke cikin na farko da suka shigo da sarewar Turawa cikin jaz. Akwai Mario Bauzá ɗan ƙasar Kyuba, wanda ya zama daraktan kiɗan ƙungiyar, daga baya kuma ya zama ginshiƙin haɗa jaz da kiɗan baƙaƙen Kyuba mai tushe a Afirka ta Yamma. Louis Jordan ma ya yi shekara biyu a nan kafin ya kafa tasa. Sai Edgar Sampson, mai busa kuma mai tsara kiɗa, wanda ta kansa ne za a fara ganin inda gizo ke saƙar.

Sampson ne ya tsara "Stompin' at the Savoy" da "Don't Be That Way", ƙungiyar Webb kuma ta naɗe su a faifai a 1934. Amma a hannun Goodman suka zama kiɗan da duk Amurka ta sani. Ranar 16 ga Janairu 1938, da Goodman ya shiga babban zauren Carnegie, wurin da aka fi sani da kiɗan gargajiyar Turai, da "Don't Be That Way" ya buɗe taron. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ba na ɗora wa Goodman laifin wannan shi kaɗai. Haifaffen Chicago ne, ɗan Yahudawa matalauta da suka ƙaura zuwa Amurka, gwani ne na gaske a busarsa, kuma ya yi abin da 'yan uwansa farare da yawa suka ji tsoro, ya hau dandamali da Teddy Wilson da Lionel Hampton, baƙaƙen fata, a bainar jama'a. Matsalar tana ga kasuwar, kuma ita ce dalili na farko da ya rage wa Webb suna. Kamfanonin da ke ɗaukar nauyin shirye-shiryen rediyo na ƙasa baki ɗaya, da manyan otal-otal, da masu fina-finai, farar fuska suke so. Goodman ya sami shirin rediyo da kamfani ke biya tun 1934. Ƙungiyar baƙar fata kuwa in ta fita rangadi, musamman a Kudu, sai ta yi wa mutane kiɗa a otal ɗin da ba za a ba ta ɗaki ba.

A daren nan na 16 ga Janairu, bayan an tashi daga Carnegie, jama'a da makaɗa da yawa suka ɗunguma zuwa Harlem, domin Webb na karawa da ƙungiyar Count Basie a Savoy. Ella Fitzgerald na waƙa a ɓangaren Webb, Billie Holiday a ɓangaren Basie. An ba Webb nasara, amma an daɗe ana gardama a kai, kuma gardamar tana da tushe. Makaɗin Basie, Jo Jones, ya zo da wani salo mai sauƙi da iska, ya ɗauke nauyin bugu daga babbar ganga ya mai da shi kan faifan tagulla. Salon Jones shi ne hanyar da jaz ya bi daga baya. Webb ma ba kullum yake ci ba, Ellington ya taɓa kayar da shi a 1937.

Dalili na biyu da ya rage masa suna shi ne na'ura. Faifan garmaho na wancan zamani minti uku ne da 'yan daƙiƙu a kowane gefe, alhali a Savoy kiɗa ɗaya na iya ninka haka in daɓe ya ɗau zafi. Na'urorin naɗar sauti kuma ba sa jure bugu mai ƙarfi, don haka akan nisanta makaɗi daga makirufo ko a sa shi ya sassauta. Abin da ya rage mana na Webb a faifai inuwa ce ta abin da mutane suka ji da kunnensu. Duk da haka akwai inda yake leƙowa. Wanda ya saurari "Harlem Congo" na 1937 ko "Liza" na 1938 zai ji shi a sarari. A "Liza" shi ke buɗe kiɗan, kuma bugun nasa yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kamar mai magana da ya san inda zancensa ya dosa.

Dalili na uku shi ne Ella, kuma shi ya fi wuyar yanke hukunci. A Nuwamba 1934 wata yarinya 'yar shekara 17, marainiya, wadda ta gudo daga gidan horon yara tana kwana inda dare ya yi mata, ta ci gasar sababbin mawaƙa a gidan wasa na Apollo. Bardu Ali, wanda ke tsayawa gaban ƙungiyar Webb yana gabatarwa, na cikin waɗanda suka kawo ta. Da farko Webb bai so ba, ganin yanayin shigarta. Da ya ji muryar sai ya gwada ta, daga 1935 kuma ta zama mawaƙiyar ƙungiyar. Bai tsaya a ɗaukarta aiki ba. Ya juya akalar ƙungiyar gaba ɗaya ta yadda muryar yarinyar za ta fito, aka riƙa naɗar waƙoƙi masu sauƙi da kasuwa ke so. A Mayu 1938 suka naɗi "A-Tisket, A-Tasket", waƙar wasan yara da ita da Van Alexander suka sake wa fasali, ta zama ta ɗaya a ƙasar.

Masu sharhin jaz na lokacin sun yi ƙorafi cewa Webb ya sayar da ƙungiyar da ta fi kowace zafi a Harlem don neman kasuwa. Akwai gaskiya a ciki, domin faya-fayen shekarunsa na ƙarshe waƙa ta fi yawa, gangar ta koma baya, kuma da hakan ya rage wa kansa shaidar da za ta tsaya masa bayan ransa. Amma ni ban ga laifinsa ba. Mutum ne da ya yi shekara goma yana kallon ana kwashe masa gwanaye saboda ba ya iya biyansu, yana da ma'aikata fiye da goma da iyalansu a wuyansa a tsakiyar karayar arziki, kuma jikinsa na gaya masa lokaci ya ƙure. Ga shi kuma ya ji abin da duniya ba ta riga ta ji ba a muryar yarinyar da kowa ya raina. Shugaban da zai ja da baya don na ƙasa da shi ya haska ba shi da yawa a wannan sana'a.

Nasarar ta zo daidai lokacin da jikin ya fara sarewa. Daga ƙarshen 1938 ciwon ya tsananta, amma ya ci gaba da rangadi don kada yaransa su rasa albashi, wani lokacin sai wani makaɗi ya karɓe shi a tsakiyar wasa. A 1939 aka kwantar da shi a asibitin Johns Hopkins da ke garinsu Baltimore, aka yi masa babbar tiyata. Ya rasu ranar 16 ga Yuni 1939, bai cika shekara 35 ba. Jama'a suka cika titunan unguwarsu ranar jana'iza, Ella ta yi waƙa a cocin. Krupa ya rayu har 1973, Goodman har 1986, sun ga zamanin talabijin da faifai mai dogon zango da na'urar da ke iya ɗaukar ganga yadda take. Webb bai ga ko ɗaya ba.

Ella ta riƙe ƙungiyar da sunanta har 1942, sannan ta kama hanyarta. A Baltimore abokansa da manyan makaɗa suka yi taron tara kuɗi a 1940 don cika burinsa na gina wa yaran baƙar fata wurin wasa, aka buɗe cibiyar da sunansa a gabashin birnin a 1947. Savoy ta rufe a 1958, aka rushe ginin aka yi gidajen haya a wurin. A Mayu 2002 aka kafa allon tunawa a inda ƙofarta take a titin Lenox, waɗanda suka yaye ƙyallen kuwa su ne Frankie Manning da Norma Miller, tsofaffi biyu da suka yi rawa a gaban gangar Chick Webb tun suna matasa.